Labulen toshe haske na tafi-da-gidanka: Yadda duhu ke taimaka wa barcin ƙananan yara, da inda ya kamata a yi hattara

A shagunan kayan jarirai na ƙasar Birtaniya, da zarar sanyi ya wuce yini ya fara tsawo, akwai wani kaya da kasuwarsa ke buɗewa. Wani ƙyalle ne mai kauri da ake naɗewa a jefa cikin jaka, idan an isa masauki a warware shi a manna a jikin gilashin taga, nan take ɗaki ya yi duhu kamar tsakar dare ko da rana na tsaka. Shi ne labulen toshe haske na tafi-da-gidanka. An yi shi ne domin ƙananan yaran da haske ke hana su yin barci da wuri, ko yake tashinsu tun kafin barcin ya ishe su.

Yanzu da sayayya ta intanet ta kawo kasuwannin duniya cikin wayar hannu, iyaye a Abuja da Legas da Kano na cin karo da tallar wannan labule, galibi tare da alƙawarin cewa yaro zai yi barci har gari ya waye. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin tallar, domin kimiyya ta tabbatar da alaƙar haske da barci. Sai dai an ƙera kayan ne domin ƙasashe masu sanyi da dogon yini, kuma abin da ya dace da ɗaki a Manchester cikin watan Yuni ba lallai ne ya dace da ɗaki a Sakkwato cikin watan Afrilu ba.

Abin da duhu ke faɗa wa jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin gani na idanu biyu suka gicciye juna, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Shi ne agogon jiki. Ba ya ganin rana da kansa, ido ne ke ba shi labari. Idan haske ya ragu da yamma, sai agogon ya aika saƙo ga wata 'yar ƙaramar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta fara sakin sinadarin melatonin cikin jini. Wani likitan fata a Jami'ar Yale ta Amurka, Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa ne suka fara ware wannan sinadari a shekarar 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu. A shekarar 2017 kuma aka bai wa wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan agogo.

Melatonin ba ya kayar da mutum kamar ƙwayar barci. Aikinsa irin na mai shela ne: ya zaga jiki ya sanar cewa dare ya yi, zafin jiki ya ɗan sauka, gaɓoɓi su saki. Idan haske mai ƙarfi ya shiga ido a daidai lokacin, sai shelar ta tsaya. Agogo ya ɗauka har yanzu rana ce, yaro kuma ya ci gaba da tsalle a kan katifa alhali gajiya ta cinye shi.

Yara sun fi manya jin wannan tasiri, saboda ƙofar da haske ke bi a tsakiyar ƙwayar idonsu ta fi buɗewa, madubin cikin idon kuma garau yake, bai dishe da shekaru ba. Masu bincike a Jami'ar Colorado da ke garin Boulder a Amurka sun gwada haka. A wani nazari da suka wallafa a shekarar 2018, sun sa yara goma 'yan shekara 3 zuwa 5 wasa a gaban haske mai ƙarfi na tsawon sa'a ɗaya kafin lokacin kwanciyarsu. Melatonin ɗin yaran ya faɗi da kusan kashi 88 cikin 100, kuma bai farfaɗo ba har bayan minti 50 da kashe fitilar. A shekarar 2022 suka sake gwajin da yara 36, suka bambanta ƙarfin hasken daga luks 5 zuwa luks 5,000. Luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske: farin wata na daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, hasken ofis kan kai 300 zuwa 500, tsakar rana a fili kuwa tana iya kaiwa 100,000. Abin da ya ba da mamaki shi ne, ko da hasken da bai wuce luks 5 zuwa 40 ba, wanda bai kai na falon gida ba, sai da ya rage sinadarin da kimanin kashi 78 cikin 100.

Ya kamata a auna wannan sakamako da hankali. Yaran da aka gwada ba su da yawa, kuma abin da aka auna shi ne sinadari a cikin yawunsu, ba a gwada wani labule ba. Amma saƙon da ke ciki a fili yake, kuma ya wuce batun taga. Sa'a ɗayan nan da ke gaban kwanciya ita ce mai tsada. Uwar da ta sayi labule mai kauri ta rufe taga ruf, sannan ta miƙa wa yaro waya ya kalli zane mai motsi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki har ƙarfe tara, ta toshe ƙaramar ƙofa ne ta bar babbar a buɗe.

Ɗaya lokacin da haske ke ɓarna shi ne goshin asuba. A farkon dare nauyin barci ya taru wa yaro, ko ganga ake kaɗawa da ƙyar zai motsa. Idan gari ya kusa wayewa kuwa nauyin ya ragu, barcin ya zama mara zurfi, ɗan haske kaɗan da ya ratsa fatar ido ya isa ya farkar da shi. Babba zai juya ya koma. Yaro ɗan shekara biyu ba ya komawa, kuma ba ya barin kowa ya koma.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi a can

Sunan wannan nau'in labule a Turance ya samo asali ne daga yaƙi. A ranar 1 ga watan Satumban 1939, gab da shigarta Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar cewa kowane gida ya rufe tagoginsa da dare, kada ko ɗigon haske ya fita, don kada jiragen yaƙin Jamus su gane inda garuruwa suke. Wato a farko ana hana haske fita ne. Daga baya aka juya amfanin, aka koma hana shi shiga.

Abin da ya sa iyayen can ke buƙatarsa lissafi ne mai sauƙi. A birnin Landan, a ƙarshen watan Yuni, rana na fitowa wajen ƙarfe 4:43 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen 9:21 na dare, yini na sa'a 16 da rabi har da 'yan mintuna. Idan aka ƙara gaba zuwa Edinburgh, ya wuce sa'a 17. A garin Tromso na arewacin Norway kuwa, daga ƙarshen watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sam. Uwa a can tana ƙoƙarin kwantar da ɗanta ƙarfe bakwai na yamma alhali rana na kwararowa ta taga, yaran maƙwabta na buga ƙwallo a waje.

Iyalan Najeriya da ke zaune a can, ko masu kai yara hutu, sun san wannan. Akwai ma wani abu mai rikitarwa: a lokacin bazarar Birtaniya agogon Landan daidai yake da na Najeriya, ba bambancin ko minti ɗaya. Yaron da aka ɗauko daga Kano, inda ya saba ganin magariba wajen ƙarfe bakwai saura, zai sauka a garin da agogo bai canza ba amma rana ta ƙi faɗuwa sai bayan sa'a biyu da rabi. Ga irin wannan tafiya, labulen da ke shiga jaka yana biyan kuɗinsa tun daren farko.

A nan gida fa?

Najeriya ba ta da wannan matsala ta dogon yini. A Kano, yini mafi tsawo a shekara bai kai sa'a 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura sa'a 11. A Legas tazarar ta fi haka ƙanƙanta. Duk shekara, kafin a idar da sallar isha'i duhu ya riga ya rufa. A ƙauyen da babu lantarki, yaro ba ya buƙatar labulen kowa da dare.

Birni ne ya sauya lissafin. Fitilar tsaro da maƙwabci ya kafa a katanga tana kallon tagar ɗakin yara. Fitilun sola na kan titi, waɗanda suka yawaita a unguwanni, suna ci daga magariba har asuba da farin haske mai kaifi, irin wanda ya fi danne melatonin. Ga fitilun motoci da babura ga mai gida a bakin hanya. Akwai kuma wani abin da duk ɗan ƙasar nan ya sani: a ɗauke wuta da yamma, a manta ba a kashe makunni ba, ƙarfe biyun dare a dawo da ita ɗaki ya haske fayau, yaro ya tashi da kuka. Wannan ba labule ke maganinsa ba, zagayawa a kashe makunnai kafin a kwanta ne.

Sai barcin rana, inda labulen ya fi nuna amfaninsa a wannan yanki. Bisa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a shekarar 2019, jariri daga haihuwa zuwa wata 3 na buƙatar barcin sa'a 14 zuwa 17 a yini da dare, daga wata 4 zuwa 11 sa'a 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 sa'a 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma sa'a 10 zuwa 13. Wannan lissafi ya haɗa da ƙailula. Yaron da ke kwana a gidan da ba a yin shiru sai ƙarfe goma, a kuma tashi da asuba, ba zai cika wannan adadi ba sai da barcin rana. Da rana melatonin ba ya aiki sosai, don haka amfanin duhu a lokacin wani ne daban: yana ɗauke wa yaro abin kallo. Jaririn da ya kai wata biyar ko shida komai na ɗaukar hankalinsa, inuwar ganye a bango ma ta isa ta hana shi runtsawa. Barcin jarirai kuma zagaye-zagaye ne na kusan minti 45 zuwa 50. A ƙarshen kowane zagaye yakan ɗan buɗe ido, idan ya ga haske da motsi sai ya wartsake, idan bai ga komai ba sai ya zarce.

Ginin da na ƙasa, mai katanga mai kauri da 'yar ƙaramar taga can sama, da asabari a ƙofa, ya riga ya warware wannan ba tare da an yi masa suna ba: duhu da sanyi a lokaci guda. Ginin bulo da kwano mai faffaɗan gilashi shi ne ya kawo haske, ya kawo zafi, yanzu kuma ake neman abin da za a saya a rage su.

Ire-irensa, da yanayin tagoginmu

Wanda ya fi shahara shi ne ƙyalle mai 'yan robobi a gefe da ke kama gilashi idan an danna su, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Samfurin Gro Anywhere Blind na Birtaniya irin wannan ne, ana iya tattare shi ya dace da ƙaramar taga. Akwai na leda mai laushi da ke manne wa gilashi da kanta ba tare da gam ba, ana yanka ta daidai girman tagar. Akwai mai madaurin nan da ake gani a takalman yara, wanda ɓari ɗaya ke liƙe a jikin katakon taga. Sannan akwai wanda ba ya taɓa taga ma, ɗan tanti ne da ake kifawa a kan gadon tafiya na yaro, irin SlumberPod na Amurka.

Duk waɗanda ke kama gilashi an yi su ne domin gilashi guda, shimfiɗaɗɗe, mai tsabta. Tagar luba mai jerin gilasai ba ta ba su wurin kamawa. A gidaje da dama ma hannu ba ya kaiwa ga gilashin sai an ratsa ƙarfen tsaro da ragar sauro. Ƙurar hunturu na hana robar riƙewa, zafin rana kuma na sassauta ta, sai a ji labule ya faɗo tsakiyar barci. Wanda ke da irin wannan taga gara ya nemi mai madauri, ko mai zobba da za a rataya a ƙusa.

A nan ne telan unguwa ya fi shagon intanet. A auna taga, a ƙara kamar tafin hannu ɗaya a kowane gefe domin haske ta gefe yake satar hanya, a sayi yadin labule mai kauri a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse ko Balogun, a ɗinka shi ninki biyu, fari ta waje, mai duhu ta ciki. Kafin a biya kuɗin yadi, a ɗaga shi a kalli rana ta cikinsa, ko a kunna fitilar waya a bayansa. Idan haske ya ratso, ba shi ba ne. Bayan an rataya kuma, a tsaya cikin ɗakin na 'yan mintuna ido ya saba, sannan a ga inda haske ke ɗigowa.

Zafi da iska: inda haɗarin yake

Duk abin da ya toshe haske ruf, ya toshe iska. A ƙasar da aka ƙera labulen wannan ƙaramar magana ce. Gidauniyar Lullaby Trust ta Birtaniya, mai wayar da kai kan mutuwar jarirai cikin barci, tana ba da shawarar zafin ɗakin jariri ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos. A Maiduguri ko Sakkwato ko Yola, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, kuma ginin na ci gaba da sauke zafin da ya tara har tsakar dare. Rufe tagar irin wannan ɗaki da ƙyalle mai ninki biyu, babu fanka babu na'urar sanyaya ɗaki, ba taimakon yaro ba ne.

Jikin jariri na ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ba ya iya ture mayafi, ba ya iya cewa ƙishirwa yake ji. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta lissafa yawan zafi cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jariri ta farat ɗaya a cikin barci. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, ba tafin hannu ko ƙafa ba, domin su sukan yi sanyi ko da jiki ya yi zafi. Idan wurin ya yi zafi ko ya jiƙe da gumi, a rage masa kaya, a buɗe taga, ko da hakan zai katse barcin.

Lokacin zafin nan kuma shi ne lokacin sanƙarau. Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, NCDC, takan nanata kira duk shekara da a guji cunkoso a ɗaki, a kuma bar iska na shiga da fita. Ɗakin da uwa da 'ya'ya huɗu ke kwana a ciki bai kamata a liƙe tagarsa don neman duhu ba. Haka ɗakin da aka kunna maganin sauro na hayaƙi, ko aka shigar da kaskon gawayi lokacin sanyi, ko wanda janareta ke ci a kusa da shi, domin hayaƙin gawayi da na janareta na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Kyandir da fitilar kananzir kuma ba sa zama kusa da ƙyallen roba.

Ana iya samun duhu ba tare da an yanke iska ba. Idan ɗaki na da taga biyu, a rufe wadda haske ke shigowa ta cikinta, a bar ɗayar. A rataya labulen da 'yar tazara daga bango, iska ta riƙa bi ta ƙasa da sama. Duhun ba zai cika ba, amma yaro ba ya buƙatar duhun kabari, ragin haske mai yawa ya wadatar. Mafi inganci a ƙasa mai zafi shi ne a tare rana tun daga waje, da rumfa ko zana ko asabari a gaban taga, domin zafin da bai shigo ba ba sai an yi wahalar fitar da shi ba. Baƙin ƙyalle da aka manna a gilashi ta ciki yana shan rana ne ya mayar da ita zafi a cikin ɗakin, kuma gilashin da ya yi zafi a wani ɓangare ya bar wani na iya tsagewa. Shi ya sa fari ko mai ƙyalli ke kallon waje, kuma ake cire na mannawa idan yaro ya tashi.

Labule ba ya maye gurbin gidan sauro. Rahotannin WHO na nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa. Sauro na son laɓewa a wuri mai duhu da cikin ninkin ƙyalle, don haka a riƙa kaɗe labulen. Tantin da ake kifawa a kan gado kuwa, shi ne mafi ƙarancin dacewa da yanayin nan idan ba a ɗaki mai na'urar sanyi ba. Abin da ya fi shi haɗari shi ne kwaikwayonsa a gida, wato lulluɓe gadon jariri ko keken tura shi da bargo ko zani mai kauri don a yi masa duhu. Zafi na taruwa a ƙarƙashi cikin 'yan mintuna, ƙyallen na iya zamowa ya rufe masa fuska, kuma babu mai ganinsa. Haka nan rufe goyo da tawul mai kauri cikin rana.

Sabon haihuwa daban ne

Jariri ba ya zuwa duniya da saitaccen agogo. Jikinsa ba ya fara sakin melatonin bisa tsarin dare da rana sai ya kai kamar wata biyu zuwa uku. Kafin nan ɗan abin da yake samu daga nonon dare na mahaifiyarsa ne. A waɗannan makonni yana koyon bambancin dare da rana ne daga abin da yake gani. Shi ya sa hukumar kula da lafiya ta Birtaniya ke shawartar iyaye su buɗe labule da rana, a yi hidima yadda aka saba, da dare kuma a rage fitila da murya. Sanya sabon jariri cikin duhu dare da rana na jinkirta wannan koyo.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi a nan. A kwanakin jego uwa da jariri sukan zauna a ɗaka, sau da yawa ɗaki mai ƙarancin haske. Ciwon shawara na jarirai, wanda ke bayyana a makon farko, ana gane shi ne da launin rawaya a farin ido da dasashi da fata, kuma ba ya ganuwa a cikin duhu ko ƙarƙashin fitila mai launi. Idan ya yi tsanani ba a kai asibiti ba, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko naƙasa. A makonni biyun farko ana so a duba jariri kullum a hasken rana, kusa da ƙofa ko taga. Labulen toshe haske ya jira.

Batun igiya ma ba na wasa ba ne. Wani nazari da mujallar Pediatrics ta wallafa ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2015 an kai yara 'yan ƙasa da shekara shida kusan 17,000 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da ya shafi labulen taga, kuma mafi yawan mace-macen da aka samu igiyar labule ce ta shaƙe yaran. Mafi yawan na tafi-da-gidanka ba su da igiya, wannan na cikin alherinsu, amma wanda aka ɗinka a gida kada a sa masa mai lilo. Gadon yaro ya yi nesa da taga yadda hannunsa ba zai kai ba. Robar mannawa da ta ɓalle kuma abin sawa a baki ce ga mai rarrafe.

Wasu iyayen na fargabar yaro zai saba, ya zama ba ya barci sai cikin duhu. Sabo gaskiya ne, amma sabo da duhu ya fi sauƙin ɗauka a tafi da shi fiye da sabo da jijjiga ko yawo a mota. Daga shekara biyu zuwa uku kuma wani abu kan ɓullo, tsoron duhu, musamman ga yaron da yayyensa suka cika masa kunne da labarin dodo. Wannan ba a yi masa dole. A sa masa 'yar fitila mai rauni, ja ko ruwan goro, a ƙasa can nesa da fuskarsa, domin waɗannan launuka ba sa danne melatonin kamar fari da shuɗi.

Da safe a yaye labulen gaba ɗaya. Hasken safiya shi ke saita agogon jiki na wannan yini, kuma yaron da ya yi wasa a tsakar gida da hantsi ya fi saurin yin barci da dare. Ƙailular da ta zarce har bayan la'asar, saboda duhu ya yi daɗi, daren ne ke biyan bashinta.

Idan an rage haske, an gyara lokacin kwanciya, har yanzu yaro na farkawa sau da yawa, to a duba wani wajen: yunwa, ƙaiƙayi, cizon sauro ko kuɗin cizo, ciwon kunne, toshewar hanci. Minshari mai ƙarfi kowane dare, ko numfashi mai ɗaukewa yana dawowa, magana ce ta likita. Haka batun alewar melatonin da ake tallatawa a intanet domin yara. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton cewa daga 2012 zuwa 2021 kiran da aka yi wa cibiyoyin kula da shan guba kan yaran da suka haɗiyi melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin 100, mafi yawansu ƙanana ne da suka tsinci kwalbar a gida. Likitocin yara na cewa kada a ba yaro wannan sinadari sai da shawarar likita, kuma a ajiye shi inda ake ajiye sauran magunguna.